Kalmar "discretion": ma'ana ɗaya ce ko ma'anoni uku?

Hadiza ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ina neman taimako a kan wata kalmar Turanci da ta hana ni sakat tun makon jiya, wato *discretion*. An ba ni wasu takardun wurin aiki in mayar da su Hausa domin ma'aikatan da ba su jin Turanci sosai, kuma cikin kwana biyu na ci karo da kalmar a wurare uku, kowane wuri da fuskar da ta nuna mini. A takardar sharuɗɗan aiki an rubuta cewa ƙarin kwanakin hutu yana *at the discretion of the manager*. A wata wasiƙar shaida da aka rubuta wa tsohuwar ma'aikaciya an ce ta riƙe aikinta *with great discretion*. Da dare kuma ina kallon talabijin sai ga rubutu kafin a fara wani shiri, ana cewa *viewer discretion is advised*.

Ƙamus ɗin da nake da shi ya ce ma'anarta hankali, ko kyakkyawan tunani wajen yanke shawara. Amma da na rubuta "ƙarin hutu yana ga hankalin manaja" sai na ji jimlar ba ta zauna ba. Na sauya zuwa "idan manaja ya ga dama", nan ma zuciyata ba ta kwanta ba, domin ma'aikacin da ya karanta haka zai ɗauka cewa manaja yana iya ba wanda yake so ya hana wanda ba ya so, ba tare da kowa ya ce masa don me ba. Ba na son in sa wa mutane a takarda abin da ba shi ne a asalin ba, musamman da yake magana ce ta haƙƙinsu. Shin kalma ɗaya ce mai ma'anoni da yawa, ko kuwa kalmomi ne daban-daban da rubutunsu ya zo ɗaya? Kuma da wace Hausa ya fi dacewa a fassara ta a kowane wuri?

Malam Isiyaku ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. Kalma ɗaya ce, kuma idan kika san tushenta za ki ga yadda rassan uku suka tsiro daga gindi guda. Ta shigo Turanci ta hanyar tsohon Faransanci wajen ƙarni na 14, asalinta kuma Latin ne, daga aikatau *discernere*. Gaɓar farko, *dis*, tana nufin rabewa, ta biyun kuma, *cernere*, tana nufin tankaɗe ko rairaya, irin yadda ake zuba gari a rariya mai laushi ya wuce, tsaki ya tsaya a sama. Saboda haka ma'anar farko ita ce iya bambancewa: mutum ya dubi abubuwa biyu da suka cuɗanya ya san wanne ne wanne, ya raba daidai da kuskure, ya raba abin da ya dace da abin da bai dace ba. Ƙamus ɗinki bai yi ƙarya ba da ya ce hankali, sai dai ya ba ki gindin ne ya bar rassan.

Dubi yadda suka fito. Wanda ya iya rarrabewa shi ne ya san maganar da ake faɗa da wadda ake haɗiyewa, ya san gaban wanda ake faɗarta da lokacin da ya dace. Wannan shi ne reshen da ke cikin wasiƙar shaidar. Idan aka ce ma'aikaciya ta yi aiki *with discretion*, abin da mai karatu zai fara fahimta shi ne tana da kamun baki, abin da ta gani a ofis ba ya bin ta gida. Sannan wanda ya iya rarrabewa shi ne ake sakar wa al'amari a ce ya duba ya yanke, domin an yarda da tunaninsa. Wannan shi ne reshen da ke cikin takardar sharuɗɗan aiki. Gargaɗin talabijin kuwa ya fi kusa da gindin: ana gaya wa mai kallo cewa akwai abin da zai iya tayar da hankali ko bai dace da yara ba, saboda haka ya auna da kansa ko zai kalla, da kuma wanda zai bari ya zauna kusa da shi.

Abin da zai taimake ki ki gane reshen da ake nufi shi ne ƙananan kalmomin da ke kewaye da ita. Idan kika ga *at* a gabanta tare da ambaton mai abu, kamar *at your discretion* ko *at the discretion of*, to maganar iko ake yi, wato wane ne ke da ta cewa. Idan *with* ce a gabanta, to hali ake siffantawa. Idan kuma aka ce *use your discretion*, to an haɗa biyun ne, an ba ki iko an kuma ce ki yi aiki da hankalinki. Akwai wata siffa da ta fito daga reshen iko kaɗai, *discretionary*, wadda ba ta da alaƙa da riƙon sirri ko kaɗan. Masana tattalin arziki suna cewa *discretionary income*, wato abin da ya rage wa mutum bayan ya biya haraji da buƙatun dole, wanda yake iya kashewa yadda ya zaɓa.

Ni dai a Hausa abin da na ga ya fi kusa da kalmar gaba ɗayanta shi ne "sanin ya kamata", domin shi ma yana ɗauke da tunani da ladabi a lokaci guda. A wasiƙar zan ce "ta riƙe aikinta da amana da kamun baki". A talabijin zan ce "ana shawartar mai kallo ya yi hattara". A maganar hutun kuwa, ina ganin "idan manaja ya ga dama" ba ta yi nisa da abin da ake nufi ba, tunda shi aka bar wa wuƙa da nama.

Barista Rukayya ta rubuta:

Malam Isiyaku, Allah ya ƙara basira, bayanin tushen kalmar ya gamsar. Amma ka yi mini afuwa, ban yarda da jimlarka ta ƙarshe ba, kuma ina ganin damuwar da Malama Hadiza ta nuna tana kan hanya. A harshen shari'a akwai tazara mai faɗi tsakanin *discretion* da ganin dama. Ganin dama ba ya buƙatar dalili. Mai ganin dama yana iya cewa "haka na so" maganar ta ƙare. Wanda aka ba *discretion* kuwa an ba shi zaɓi ne a cikin wani da'ira, kuma an ba shi ne don wata manufa, saboda haka ana sa ran ya duba abubuwan da suka shafi maganar, ya kawar da kai daga waɗanda ba su shafe ta ba, ya yanke da kyakkyawar niyya.

Dalilin da ya sa ake ba da irin wannan iko shi ne babu dokar da za ta hango kowane hali da zai taso. Mai rubuta doka yana amfani da kalmar *shall* idan yana nufin dole, da *may* idan ya bar ƙofa a buɗe. Alƙalin da doka ta ce yana iya yanke ɗaurin da bai wuce shekara bakwai ba, an bar masa ya auna girman laifin, da ko mai laifin ya taɓa yi, da halin da ya yi shi a ciki. Amma ba a bar masa ya ƙara wa mutum shekara biyu don fuskarsa ba ta yi masa ba. Wanda ya karanta fiƙihu zai gane wannan nan take, domin shi ne bambancin haddi da ta'aziri: na farko an ƙayyade shi, na biyu an bar shi ga ijtihadin alƙali, kuma babu malamin da ya ce ijtihadi yana nufin son rai.

Akwai wata shari'a a Ingila da duk ɗalibin lauya a ƙasashen da suka gaji dokar Ingila ya san ta, wadda ake kira da sunan garin Wednesbury, an yanke ta a 1947. Doka ta ba hukumar garin ikon ba gidajen sinima izinin buɗewa ranar Lahadi bisa sharuɗɗan da ta ga sun dace. Hukumar ta sa sharaɗin cewa kada a shigar da yaron da bai kai shekara 15 ba, ko da yana tare da babba. Kamfanin sinima ya kai ƙara, ya kuma sha kaye, domin kotu ta ce ba aikinta ba ne ta maye gurbin tunanin hukumar da nata. Sai dai babban alƙalin, Lord Greene, ya shata iyaka: kotu za ta sa baki idan hukuncin ya kai matsayin da babu wata hukuma mai hankali da za ta yanke irinsa. Ya kawo misalin malamar makarantar da za a sallama don kawai gashinta ja ne. Ki lura da abu biyu a nan. Da'irar tana da faɗi, shi ya sa hukumar ta yi nasara, amma tana da bango. A kotunan Amurka ma akwai abin da suke kira *abuse of discretion*, wato kotun ɗaukaka ƙara ba za ta soke hukuncin alƙali don kawai ita da ta yanke wani abu daban ba, sai idan ya wuce gona da iri. Kasancewar ana iya cewa an ci amanar wannan iko ya isa ya nuna ba ganin dama ba ne.

Za a iya cewa wannan maganar hukuma ce da alƙalai, ba ta manajan kamfani ba. To, a 2015 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa ko a yarjejeniyar aiki, idan aka ba mai ɗaukar aiki ikon yanke wani abu da ya shafi haƙƙin ma'aikaci, dole ya yi hakan da gaskiya kuma bisa dalili na hankali. Dokar kowace ƙasa daban take, kuma lauyoyin kamfanoni sukan rubuta *sole discretion* ko *absolute discretion* domin su faɗaɗa da'irar iyakar yadda za su iya. Amma a takardarki, Malama Hadiza, zan rubuta: "manaja ne zai duba ya yanke shawara a kan ƙarin hutu gwargwadon abin da ya dace." Wannan ya gaya wa ma'aikaci gaskiya biyu, cewa hutun ba haƙƙi ne da zai tilasta a ba shi ba, kuma cewa ana sa ran manajan ya duba kafin ya amsa.

Malam Isiyaku ya rubuta:

Na karɓi gyara, Barista, kuma na gode. A takardar da ta shafi haƙƙi fassararki ta fi tawa. Abin da kawai zan riƙe shi ne, a maganar yau da kullum kalmar takan sassauta har ta kusa zama zaɓi zalla. Idan aka rubuta a gidan cin abinci cewa tukuicin ma'aikaci yana *at the customer's discretion*, babu wanda zai tambayi mai saye dalili. Akwai ma tsohuwar magana ta yaƙi, *to surrender at discretion*, wato a miƙa wuya ba tare da sharaɗi ba, a bar komai a hannun wanda ya ci nasara. A irin waɗannan wurare "ganin dama" ba kuskure ba ne.

Hadiza ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Malam da Barista, kun warware mini ƙullin da ya fi damuna. Saura abu ɗaya. A wasiƙar shaidar an kuma siffanta matar da cewa ita *discrete* ce, amma na ga a wasu wurare ana rubuta *discreet*. Rubutu biyu ne na kalma ɗaya, ko marubucin ya yi kuskure? Sannan ina so in tabbatar ko yabo ne cikakke, domin wata abokiyar aikina ta ce a ganinta ana nufin matar mai ɓoye-ɓoye ce.

Hajiya Binta ta rubuta:

'Yata Hadiza, marubucin ne ya yi kuskure, kuma kuskure ne da har waɗanda aka haifa cikin Turanci suke yi, domin furucin kalmomin biyu ɗaya ne. *Discreet* ita ce mai kamun baki da lura. *Discrete* kuwa tana nufin abin da yake a rarrabe, kowane ɓangare tsaye da ƙafarsa, kuma masu lissafi da kimiyyar kwamfuta ne suka fi amfani da ita. Dukansu daga tushen da Malam ya bayyana suka fito, daga baya ne rubutu ya raba musu gado. Ki kuma lura da furuci: a *discreet* wasalin da ke bayan *r* dogo ne, kamar "diskiriit", amma a *discretion* gajere ne, kamar "diskireshan".

Game da abin da abokiyar aikinki ta faɗa, ina da abin cewa, domin na shafe fiye da shekara ashirin ina aikin sakatariya kafin in yi ritaya. Mai ɓoye-ɓoye Turawa *secretive* suke ce masa, kuma zargi ne, domin shi yana ɓoye abin da ya kamata a sani. *Discreet* yabo ne, kuma ba shiru kaɗai take nufi ba. Bari in ba ki misali da abin da na gani da idona. Wata rana ana tsakiyar taro, mutane kusan goma sha biyu a kewaye da teburi, sai aka bugo waya cewa mahaifiyar ɗaya daga cikin mahalarta ta faɗi an kai ta asibiti. Wadda ta koya mini aiki ita ta ɗauki wayar. Ba ta buɗe ƙofa ta sanar ba, ba ta kuma jira a tashi ba. Ta ɗauki tiren shayi ta shiga kamar yadda ta saba, ta ajiye kofi gaban kowa, da ta iso wurinsa ta sa wata 'yar takarda a ninke ƙarƙashin faranti, ta taɓa gefen farantin da yatsa sau ɗaya, ta wuce. Kafin ya fito ta riga ta sa direba ya kawo mota bakin ƙofa. Mutumin ya nemi izini ya fita, taro ya ci gaba, kuma babu wanda ya san abin da ya faru sai da shi da kansa ya faɗa bayan kwana uku. Saƙon ya isa ga mai shi a kan lokaci, bai isa ga wanda ba nasa ba. Wannan ne ake nufi idan an rubuta wa mutum wannan kalma a wasiƙar shaida, kuma masu ɗaukar aiki a ofisoshin likitoci da lauyoyi da bankuna suna nemanta da gangan.

Kalmar takan fita daga kan mutum ta hau kan abu ma. Ana cewa ƙofa ce *discreet* idan ba ta jan ido, ko ado idan ba shi da ƙyale-ƙyale. Kishiyarta, *indiscretion*, ita ce katoɓara ko suɓutar baki, amma ki yi hattara da ita a jarida, domin sau da yawa sakaya ce ake yi wa abin kunya, musamman cin amanar aure. Idan aka ce *youthful indiscretion* ana nufin kuskuren ƙuruciya, kuma mai faɗar yana neman a sassauta ne.

Malam Isiyaku ya rubuta:

Hajiya, Allah ya saka da alheri, misalinki ya fi dogon bayani. Zan ƙara wurare biyu da Malama Hadiza za ta iya haɗuwa da kalmar nan gaba, domin dukansu suna rikita mai fassara.

Na farko shi ne *the age of discretion*, shekarun da ake ganin yaro ya fara bambance daidai da kuskure. A nan tsohuwar ma'anar ce ta fito fili ba tare da wani lulluɓi ba. Cocin Katolika ta yi amfani da wannan lafazi tun taronta na 1215, kuma a 1910 Paparoma Pius na Goma ya bayyana cewa wajen shekara bakwai ne. Abin da ke burge ni shi ne malaman fiƙihu sun bi hanya iri ɗaya da Larabci, suna kiran irin wannan yaro mumayyizi, daga tamyizi, wato rarrabewa, kuma da yawansu su ma wajen shekara bakwai suke kimantawa. Mu kuwa cewa muke yi yaro ya yi wayo, kuma ita ce fassarar da zan yi amfani da ita. Kada a fassara shi da balaga, domin balaga mataki ne na gaba.

Na biyu karin magana ne, *discretion is the better part of valour*, wato kauce wa haɗarin da ba shi da amfani shi ne mafi girman rabo a jarumta. Mutane suna jingina shi ga Shakespeare, kuma lallai yana cikin wasansa na farko a kan Sarki Henry na Huɗu, wanda ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 16, ko da yake jerin kalmomin a can ya ɗan bambanta. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne wanda ya faɗe shi a wasan, Falstaff, ya kwanta ne a fagen daga ya yi kamar ya mutu don kada a kashe shi, da ya miƙe sai ya kare kansa da wannan magana. Saboda haka a bakin Bature mai ilimi maganar takan ɗauki ɗan murmushi, wani lokaci shawara ce ta gaske, wani lokaci uzurin matsoraci ne. Namu da ya fi kusa da shi shi ne "faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa". A nan kalmar ta matso kusa da *prudence*, wadda asalinta hangen gaba ne, shi ya sa "hangen nesa" ko "taka tsantsan" suka fi dacewa da ita. Bambancin da nake koya wa ɗalibaina shi ne *prudence* ta fi kallon gobe da abin da zai biyo baya, *discernment* ta fi kallon gane ingancin abu ko halin mutum, wato basira, ita kuwa *discretion* ta fi kallon abin da za a yi ko a faɗa yanzu, a gaban waɗannan mutane.

Hadiza ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na gyara takardar sharuɗɗan da jimlar Barista, sai dai na ƙara "bayan ya saurari uzurin ma'aikaci", sannan na sake dubawa na ga wannan ba ya cikin asalin, na cire shi. A wasiƙar na rubuta "mace ce mai amana, mai kamun baki da sanin ya kamata". Na kuma mayar da asalin Turancin ga wanda ya rubuta shi domin ya gyara *discrete* zuwa *discreet* kafin a sa hannu, tunda matar za ta kai wasiƙar wani wurin neman aiki ranar Litinin.